Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Dokokin Biza Da Makomar Ɗalibanmu A Ƙasashen Waje

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamna, Allah ya ja zamaninka, ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka. Ina gaishe ka, tare da mataimakinka, da 'yan majalisar dokokin jiha, da masu kula da ilimi mai zurfi da tallafin karatu a gwamnatinka.

Ni malamin sakandare ne da ya yi ritaya, mazaunin Mabera. Na ɗauki alƙalami ne a madadin iyaye irina waɗanda 'ya'yansu ke karatu a waje, da waɗanda nasu suka samu gurbi suna zaman jiran biza, da kuma waɗanda nasu suka tafi suka dawo babu takardar kammalawa. Ba mu da ƙungiya balle shugaba. A wajen ɗaurin aure da zaman makoki muke haɗuwa, kuma da an gama gaisawa zancen yakan koma guda: yaya labarin yaro, an ba shi bizar kuwa?

Na san amsar da za a fara ba ni. Za a ce ai dokar biza a Landan da Washinton da Otawa ake yin ta, gwamnan jiha ba shi da ta cewa a ciki. Haka ne, ranka ya daɗe, kuma ba mu nemi ka sauya dokar wata ƙasa ba. Sai dai ɓarnar da waɗannan dokoki ke yi mana ta wasu kafofi take shigowa: rashin samun labari a kan lokaci, jinkirin kuɗi, 'yan damfara, da nisan da ke tsakaninmu da inda ake yanke hukunci. Waɗannan kuwa duk hannunka na kai wa gare su.

Bari in fara da Birtaniya. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2024, wanda ya je digiri na biyu irin na zaman aji ba shi da izinin tafiya da iyalinsa. Hujjarsu ita ce yawan masu rakiya, kuma a shekarar 2022 'yan Najeriya ne a kan gaba da masu rakiya sama da 60,000. Waɗanda aka bar wa dama su ne masu karatun bincike, irin digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A takarda dokar ba ta bambanta mace da namiji ba. A Sakkwato kuwa kowa ya san a kan wa ta faɗa. Yarinyar da ta gama digirin farko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi bautar ƙasa, ta yi ɗan aiki, kafin ta kai ga neman digiri na biyu akasari tana ɗakin mijinta da goyo a baya. Namiji zai iya barin iyali wajen iyayensa ya je ya yi shekara ɗaya ya dawo. Mai shayarwa fa, wa za ta bar wa jaririn?

Ɗiyata ta fari na cikin waɗanda abin ya shafa. Ta samu gurbin karanta kiwon lafiyar al'umma a wata jami'a a can, mijinta ya amince, dangi sun haɗa abin da ya sawwaƙa, sai ga wannan doka. Ta nemi a ɗage mata gurbin, daga baya ta haƙura. Ba don ita kaɗai nake wannan magana ba, ita dai Allah ya rufa mata asiri tana aikinta. Abin da ke damuna shi ne, a jihar da mata da yawa ba sa sakin jiki su faɗa wa likita namiji abin da ke damunsu, a jihar da ƙwararrun mata a fannin haihuwa da jinya ba su wadata ba, waɗanda aka fi buƙata su ne aka fara tarewa a bakin ƙofa. Kuma wannan ƙasar Nana Asma'u ce, wadda ta tsara 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga mace har cikin ɗakinta. Bai kamata a ce mun ji wannan doka mun yi shiru kamar ba da mu ake ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi karya mutane. Kafin Birtaniya ta ba ɗalibi biza, dole ya nuna kuɗin makaranta na shekarar farko, ya kuma nuna kuɗin zama na wata 9. Daga Nuwamban 2025 kuɗin zaman ya koma fam 1,529 a wata ga mai zama Landan, fam 1,171 ga mai zama wajenta. Wato wanda zai zauna a wajen Landan sai ya nuna fam 10,539, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ba. A lissafin fam ɗaya wajen naira 2,000, ana maganar kimanin naira miliyan 20 ke nan, ba a taɓa kuɗin makaranta ba. Ga kuɗin kiwon lafiya da aka ɗaga daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, ga kuɗin bizar kanta. Duk wannan a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Kanada ma haka: a farkon 2024 ta ninka kuɗin zaman da ake nunawa daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ta sa iyaka ga yawan izinin karatu da za ta bayar, sannan a Nuwamban shekarar ta rufe hanyar gaggawa da ta keɓe wa ɗaliban Najeriya. Ostireliya ta ɗaga kuɗin bizar ɗalibi daga dalarta 710 zuwa 1,600 a 2024, ta sake kai shi 2,000 a 2025.

Waɗannan ƙarin sun zo ne daidai lokacin da naira ta faɗi. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati na dala bai kai naira 500 ba. Zuwa farkon 2024 ya haura 1,500. Uban da ya sayar da gona ko fili ya tura yaro da lissafin shekara biyu, kuɗin ba su kai shi ƙarshen shekara ɗaya ba. Mun ga yadda ta kaya a Jami'ar Teesside da ke Ingila a watan Mayun 2024, inda ɗaliban Najeriya da suka kasa biyan kuɗi a kan lokaci aka dakatar da karatunsu, aka sanar da hukumar shige da fice, wasu har aka umarce su da su bar ƙasar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan ne nake roƙon ka tsaya ka saurare ni da kyau, ranka ya daɗe, domin akwai abin da ma'aikatan da ke zaune a ofis ba kasafai suke ganewa ba. A gida, idan kuɗin makaranta ya yi jinkiri, a je a ba da haƙuri, a kawo takarda daga hukuma, a bar yaro ya rubuta jarrabawa. A can bizar ɗalibi a ɗaure take da rajistarsa. Jami'a na janye sunansa, sai ta sanar da hukuma, hukuma kuma ta taƙaita izinin zamansa, yawanci zuwa kwana 60. Fayil ɗin da ya kwana wata biyu a kan teburi a nan yana iya zama sanadin korar ɗalibin likitanci da ya yi shekara huɗu yana karatu. Yaron kuma ba zai iya cike giɓin da aikin hannu ba, tun da a Birtaniya awa 20 kacal aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu. Idan ya ƙetare, ya karya doka, an samu hujja ta biyu a kansa.

Amurka kuwa ta fi kowa tsanantawa, alhali ɗaliban Najeriya a can sun haura 20,000. A ƙarshen Mayun 2025 ta dakatar da ba da sababbin ranakun ganawa ga masu neman bizar karatu. Da ta dawo da su a watan Yuni, sai ta ce kowa ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba abin da yake rubutawa. Daga 8 ga Yuli, bizar da ake ba 'yan Najeriya ta koma ta wata 3, shiga sau ɗaya. A watan Agusta aka fitar da daftarin doka mai neman a daina barin ɗalibi ya zauna gwargwadon tsawon karatunsa, a yanka masa wa'adin da bai wuce shekara 4 ba, a kuma rage kwanakin haɗa kaya bayan kammalawa daga 60 zuwa 30. Mai digirin digirgir da yakan kai shekara biyar ko shida sai ya sake neman izini a tsakiyar bincikensa. Sannan a Disamban 2025 aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, har da bizar ɗalibai, daga 1 ga Janairun 2026. Ma'anar wannan ga yaron da ke can a yanzu, wanda bizar cikin fasfonsa ta ƙare, ita ce idan mahaifinsa ya rasu yana da zaɓi biyu: ya zo gaisuwa ya rasa hanyar komawa, ko ya zauna ya karɓi ta'aziyya ta waya. Iyaye nawa ne a Tambuwal ko Gwadabawa suka san haka kafin su matsa wa yaro ya zo hutun salla?

Akwai kuma sauyin da ke tafe. Izinin zama a yi aiki bayan kammala karatu a Birtaniya, wanda aka kawo a 2021 na shekara 2, zai koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Da yawa daga cikin iyaye da wannan izini suka yi lissafin biyan bashin da suka ci. Takardar manufofin shige da fice ta Mayun 2025 ta kuma ƙara matsa wa jami'o'i, ta yadda jami'ar da ake yawan hana ɗalibanta biza za ta iya rasa lasisin ɗaukar baƙi. Jami'a kuwa idan ta ji tsoro, sai ta rage ɗaukar ɗalibai daga ƙasar da take ganin takardunta na da matsala.

Wannan ya kawo ni kan dillalan biza. Duk lokacin da doka ta ƙara wuya, kasuwarsu ke buɗewa. Ɗan maƙwabcina ya faɗa hannun wani a Abuja, wanda ya karɓi kuɗi masu yawa ya ce zai haɗa masa takardar banki mai nuna yana da abin da ake nema. Aka gano ta jabu ce. Kuɗin sun tafi, gurbin ya tafi, mutumin ya kashe wayarsa. Abin da uban bai sani ba sai daga baya shi ne, Birtaniya na iya hana wanda aka kama da takardar ƙarya shiga har shekara 10, Amurka kuma hanin na iya zama na har abada. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda bai ma karanta abin da aka sa masa hannu a kai ba. Kuma kowace takardar jabu da aka kama tana ƙara wa mai gaskiya da ke bayansa a layi wahala.

Nisa ma kuɗi ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ke da ofishin biza a Sakkwato. Gwajin tarin fuka da Birtaniya ke buƙata, ɗaukar hoton yatsu, ganawa da jami'in Amurka, akasari sai an je Abuja ko Legas, wani lokaci a zuwa daban-daban. Mai hali ya hau jirgi. Marar hali ya bi ta Gusau da Funtuwa da addu'a a bakinsa, kuma ba sai na gaya maka halin da hanyar ke ciki ba.

Su ma ƙofofin gwamnatin tarayya sun ƙuntata. Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ya dakatar da ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu zuwa waje daga farkon 2025. A shekarar ce kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da dakatar da tallafin musayar ɗalibai da ake yi da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari. Ɗan talaka mai ƙoƙari yanzu jiha kawai ta rage masa.

Wani zai ce to a koma Gabas mana, ga Masar, ga Indiya, ga Malesiya, ga Turkiyya. Ina goyon bayan haka, kuma dama jama'armu sun fi sabawa da can. Amma kada a tafi ido rufe. Mun ga abin da ya samu ɗalibanmu a Yukren a Fabrairun 2022, mun ga na Sudan a Afrilun 2023, yadda yara suka yi kwanaki a kan iyakar Masar ana neman sunayensu da lambobin fasfonsu, da yawa kuma suka dawo babu takardar sakamakon da wata jami'a za ta karɓa. Mun kuma ga yadda a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Masu digirin gaske ma sun sha wuya a dalilin haka.

Ga abin da muke roƙo, mai girma Gwamna.

A buɗe teburi ɗaya a hukumar tallafin karatu, da ma'aikata biyu ko uku da aikinsu kawai bin sanarwar ofisoshin jakadanci ne. Duk sauyin da aka samu, su fassara shi zuwa Hausa da Fulfulde a faɗa a Rediyon Rima da talabijin na jiha cikin makon, a kuma ba da lambar waya da uba zai kira ya yi tambaya ba tare da ya san kowa ba. Teburin ya zama na kowane ɗan jiha, har da wanda iyayensa ke biya masa, domin su ne suka fi yawa kuma su ne dillalai suka fi cuta.

Kada a tura ɗalibi ko ɗaya waje da sunan jiha sai an ware kuɗin karatunsa na shekarun gaba ɗaya, a lissafa su da kuɗin ƙasar da za shi, a ajiye a asusun da ba a taɓawa don wani aiki. Gara a tura ashirin su gama da a tura ɗari a bar su a rataye. Ina roƙon majalisar dokoki ta mayar da wannan doka, saboda gwamnati na sauyawa amma ɗalibin likitanci shekara shida ko bakwai yake yi. A kuma riƙa biyan jami'o'i kafin zango ya fara.

Game da mata, gwamnati ta rubuta wa ofishin jakadancin Birtaniya a Abuja ta nemi bayani a rubuce kan matsayin tallafin jiha a cikin rangwamen da aka yi wa waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. Idan sai ta hannun tarayya ake karɓa, a ƙulla yarjejeniya da hukumar tallafin karatu ta tarayya. A keɓe gurabe na musamman ga matan aure a fannin lafiya da koyarwa, a fi karkata su ga karatun bincike wanda har yanzu ake barin mutum ya tafi da iyalinsa, ko ƙasashen da ba su da wannan shinge.

A yi rajistar duk ɗan jiha da ke karatu a waje: ƙasa, jami'a, shekarar da yake ciki, ranar ƙarewar bizarsa da fasfonsa, da lambar wani nasa a gida. Ranar da rikici ya ɓarke ba ranar neman sunaye ba ce.

A tilasta wa duk mai ofishin neman gurbin karatu a cikin jihar ya yi rajista, a wallafa sunayen waɗanda aka tantance. Wanda aka kama da haɗa takardun jabu a miƙa shi ga hukuma, a daina sasantawa a zaure. A kuma wallafa jerin jami'o'in waje da ma'aikatar ilimi ta tarayya da majalisar likitoci ta ƙasa suka amince da su, domin kada yaro ya yi shekara shida ya dawo a ce ba zai shiga jarrabawar lasisi ko bautar ƙasa ba.

Ka haɗa kai da takwarorinka na Kebbi da Zamfara ku nemi a riƙa kawo ɗaukar hoton yatsu da gwajin lafiya da jarrabawar Turanci ta IELTS nan Sakkwato, ko da sau biyu ne a shekara, gab da lokutan shiga makaranta na Satumba da Janairu. Jihohi uku idan suka yi magana da murya ɗaya za a fi sauraronsu. Kafin a samu hakan, masaukin ɗalibai a ofishin jiha da ke Abuja zai rage wa iyaye nauyi ƙwarai.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi tsada, na sani. Wani kaso na kuɗin da ake kashewa a waje a juyo da shi ga Jami'ar Jihar Sakkwato da sauran manyan makarantunmu, a gyara ɗakunan gwaje-gwaje, a ƙulla haɗin gwiwa da jami'o'in waje ta yadda ɗalibi zai yi mafi yawan karatunsa a gida ya je can na 'yan watanni ya ƙarasa bincike. Waɗanda yaƙi ko doka ta koro su kuma a samar musu hanyar shiga jami'o'in gida daga inda suka tsaya. Ban ce a daina fita ba. Shehu Usmanu kansa sai da ya je Agadas wajen Malam Jibrilu, Sardauna ma ya je Ingila a 1948 ya karanci mulkin ƙananan hukumomi ya dawo ya yi aiki da shi. Akwai fannonin da har gobe sai an fita. Amma a san wanda za a tura, da abin da zai karanto, da aikin da ke jiransa idan ya dawo.

Muna roƙon a kira taro da iyaye da wakilan ɗalibai kafin a fara neman guraben zangon Satumba mai zuwa, a sanar da ranarsa a rediyo. Za mu zo da takardunmu a hannu, da kwafin wasiƙun da jami'o'i da ofisoshin biza suka aiko wa 'ya'yanmu, domin ma'aikatanka su gani da idonsu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malamin makaranta mai ritaya,
Mabera, Sakkwato.